Jiragen Sama a Cikin Majami'a

A watan Satumba na shekarar 2018 Ikkilisiyarmu ta aike ni ƙasar Faransa tare da waɗansu katikis biyu, domin wani taron ƙara ilimi na mako uku. Ban taɓa shiga jirgin sama ba sai a wannan tafiya. Mun tashi daga Yamai da tsakar dare, gari bai gama wayewa ba muka sauka a Paris. Hamadar da kakanninmu suke yin watanni kafin su ƙetare ta, ni na ƙetare ta ina zaune a kujera ina gyangyaɗi, ban ga ko tudun rairayi ɗaya ba.

A gidan da aka sauke mu akwai wani tsohon fada wanda ya yi shekaru da yawa yana aiki a ƙasarmu, har Hausa ta zauna a bakinsa. Ranar da muka sami hutu ya ce mini, "Malam, ka ga majami'u da yawa tun zuwanka. Yau zan kai ka wadda ba ka taɓa ganin irinta ba." Na ce, "To, Fada, gani ya kori ji." Muka shiga jirgin ƙarƙashin ƙasa, muka sauka a wata tasha wadda aka lulluɓe bangonta duka da jan ƙarfe. Sunan tashar da sunan wurin da za mu ɗaya ne, wato Arts et Métiers. Da Hausa sai mu ce gidan fasaha da sana'o'i.

Muka bi ta ɗakuna har muka fito cikin wata tsohuwar majami'a mai tsawo, mai dogayen tagogi. Na cire hulata kamar yadda na saba. Da na ɗaga kai sai na ga jiragen sama uku a rataye daga rufin, a ƙasa kuma ga tsofaffin motoci jere a kan wani ginin ƙarfe mai hawa hawa. Ba bagade, ba kujerun masu sujada. Ya mai karatu, ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci. Na ce, "Fada, ɗakin addu'a ne aka mai da shi rumbun injuna?" Ya ce, "Dakata ka ji tarihin gidan tukuna, sa'an nan ka yanke hukunci." Abin da na ji da abin da na karanta a ranar da bayanta, shi ne nake so in ba ka.

Gidan da wanda ya kafa shi

Sarkin Faransa Henri na Ɗaya ne ya kafa wannan gida a shekarar 1060, da sunan Waliyyi Martin. A 1079 aka danƙa shi ga 'yan zuhudu na Cluny, suka zauna cikinsa suna addu'a da aiki har shekara ɗari bakwai. Da juyin juya halin Faransa ya ɓarke a 1789, sabuwar gwamnati ta ƙwace dukiyar Ikkilisiya, ta rufe gidajen zuhudu. Majami'u da yawa sun lalace a lokacin. Ita kanta babbar majami'ar Cluny, wadda ta daɗe tana kan gaba wajen girma a ƙasashen Turai, an sayar da ita a 1798, aka riƙa farfasa ta ana kwasar duwatsunta domin gine-gine.

Abin da ya ceci gidan Waliyyi Martin shawarar wani firist ce mai suna Henri Grégoire. An haife shi a 1750, ɗan wani tela ne a ƙauye. Ya shiga majalisar ƙasa a lokacin juyin, yana cikin masu neman a 'yanta bayi baƙar fata, majalisar kuwa ta soke bauta a ƙasashen da Faransa ke mulki a ran 4 ga Fabrairu 1794, ko da yake Napoleon ya mai da ita a 1802, ba a kashe ta gaba ɗaya ba sai 1848. A 1794 Grégoire ya kawo wa majalisa shawara a kafa wani gida inda za a tara injuna, da kayan aiki, da zane-zane, da littattafai na kowace sana'a, a kuma sa mutanen da za su tsaya kusa da kowane inji suna nuna wa masu sana'a yadda yake aiki. Nufinsa shi ne talakan da ba shi da kuɗin makaranta ya shigo ya gani da idonsa, ya koma ya gyara aikinsa. A 1798 aka ba su wannan gida, a 1802 aka buɗe ƙofa ga jama'a. Kayan da suka tara sun kai wajen 80,000, waɗanda ake nunawa kuwa wajen 2,500 ne.

Grégoire yana da nasa laifi. Ya yi rantsuwar biyayya ga dokar da juyin ya kafa a kan firistoci, wadda Paparoma ya ƙi, wannan rigima kuwa ta bi shi har gadon mutuwarsa a 1831. Kuma a cikin wannan shekara ta 1794 ya rubuta wa majalisa cewa a kawar da ƙananan harsunan Faransa, kowa ya koma Faransanci. Mu da muke rubutu da karatu da addu'a da Hausa ba za mu yaba masa a kan wannan ba. Amma a kan maganar masu sana'a ya yi gaskiya, ginin kuma yana tsaye har yau saboda shi. Da na ji haka sai fushina ya sauka, ko da yake ban mai da hulata ba sai da muka fita.

Amalanken wuta

Kafin a shiga majami'ar akwai wani babban abu na katako mai ƙafa uku, tsawonsa ya fi mita 7, a gabansa an rataye wata ƙatuwar tukunyar jan ƙarfe. Da ka gan shi a kasuwar Maraɗi sai ka ce amalanke ne da ya ɗauko tukunyar biki. Wannan shi ne abin hawa mafi tsufa a duniya da ya rage cikin waɗanda suka yi tafiya da ƙarfin injin kansu. Wani injiniyan soja mai suna Nicolas-Joseph Cugnot ya ƙera ƙaraminsa a 1769, sa'an nan ya ƙera wannan babban a 1770.

Ga yadda yake aiki. Ana hura wuta a ƙarƙashin tukunya, ruwa ya tafasa, tururi ya bi bututu ya shiga wasu silinda biyu. Tururin yana tura sandar ɗaya ƙasa, sa'an nan ta biyun, su kuma suna juya ƙafar gaba kaɗan kaɗan. An yi shi domin ya ɗauki igwa mai nauyin tan huɗu ko biyar zuwa bakin daga, a huta da dawakai. Gudunsa bai wuce kilomita 4 a sa'a ba, wato tafiyar mutum a ƙasa. Bayan kamar minti goma sha biyar tururi yakan ƙare, sai a tsaya a jira ya sāke taruwa. Ga shi nauyin tukunya da inji duka yana kan ƙafar gaba, wadda ita ce kuma ake juyawa in za a yi kwana, saboda haka tuƙinsa aiki ne na ƙarfi. Faransawa suna ba da labari cewa ya taɓa rushe wani bango a wajen gwaji.

Ministan da yake goyon bayan aikin, Choiseul, ya faɗi daga mulki a ƙarshen 1770, waɗanda suka gaje shi kuwa ba su kula ba. Aka tura amalanken cikin rumbun makamai. Sarki ya yanka wa Cugnot fansho, juyin juya hali ya zo ya yanke shi, tsoho ya koma Brussels ya zauna cikin talauci, sai gab da mutuwarsa a 1804 aka sāke ba shi. Amma ba wanda ya faskara katakon nan ya yi makamashi da shi, ba wanda ya narkar da tukunyar. A 1800 aka kawo shi wannan gida.

Maƙerin ƙararrawa

A cikin majami'ar akwai wata mota mai kama da ƙaramar bas, mai tukunyar tururi a baya. Sunanta L'Obéissante, wato Mai Biyayya, domin tana bin hannun direba ba gardama. Wanda ya ƙera ta a 1873, Amédée Bollée na garin Le Mans, sana'ar gidansu zubin ƙararrawar majami'u ce. Mutumin da ya san yadda ake narkar da ƙarfe a zuba shi daidai har ya ba da murya mai daɗi, bai sha wuyar koyon ƙera tukunyar da za ta riƙe tururi ba. Motar tana ɗaukar mutum 12, tana iya gudun kilomita 40 a sa'a. Kowace ƙafar gaba tana juyawa a kan nata gindi, irin yadda motocin yau suke yi, wannan kuwa shi ya warkar da ciwon amalanken Cugnot.

A ran 9 ga Oktoba 1875 Bollée ya tuƙa ta daga Le Mans zuwa Paris, kilomita 230 cikin sa'a 18. A lokacin ba dokar da ta san da irin wannan abu a kan hanya, saboda haka jandarmomi suka yi ta tsai da shi, kafin ya isa an rubuta masa takardar laifi 75. Direbobin kamyo na ƙasarmu za su gane wannan labari ba sai an yi musu bayani ba.

Jemagen Ader

A bisa babbar matakalar gidan an rataye wani abu mai ban tsoro, mai fukafukai irin na jemage, faɗinsu mita 16, an yi su da katako da siliki. Clément Ader ne ya ƙera shi. Ya yi arziki da aikin wayar tarho, ya kashe dukiya mai yawa wajen neman hanyar tashi sama. Ya daɗe yana lura da tsuntsaye da jemagu, ya ɗauka cewa in mutum ya kwaikwayi halittarsu sosai zai tashi kamarsu. A ran 9 ga Oktoba 1890 jirginsa na fari, mai suna Éole, mai injin tururi, ya rabu da ƙasa kamar tsawon taƙi ɗaya, ya yi wajen mita 50 sa'an nan ya dira. Ma'aikatar yaƙi ta ji labari ta ba shi kuɗi a asirce. Da kuɗin ya ƙera wannan da ke rataye, Avion na Uku, mai inji biyu da farfela biyu.

A ran 14 ga Oktoba 1897 aka gwada shi a filin soja na Satory a gaban manyan hafsoshi. Iska ta buge shi daga gefe, ya kauce daga hanya ya lalace. Soja suka janye kuɗinsu. Bayan shekaru Ader ya ce jirgin ya tashi mita 300 a ranar, amma da aka fito da rahoton hafsoshin a 1910 sai aka ga bai nuna haka ba. Abin tausayi ne dattijo ya ƙara wa aikinsa gishiri, alhali aikin ya isa yabo yadda yake. Injinsa mara nauyi ne ƙwarai, gwanin ban sha'awa. Abin da ya rasa shi ne hanyar sarrafa jirgin in ya tashi. Ko gabansa matuƙin ba ya gani da kyau, domin tukunyar tururi ta tare masa ido.

Duk da haka ya bar mana wani abu. Shi ya ƙirƙiro kalmar avion daga sunan tsuntsu a harshen Latin. Yaron da ya ji ƙugi a sama a Damagaram ko Dogon Dutse ya fito da gudu yana ihu, "Abiyo! Abiyo!", sunan jemagen nan yake kira bai sani ba.

Masu gyaran keke da mai sayar da fitila

Waɗanda suka warware matsalar sarrafa jirgi 'yan'uwa biyu ne a Amurka, Wilbur da Orville Wright, 'ya'yan wani bishop, masu shagon ƙera keke da gyaransa a garin Dayton. Mai keke ya san cewa abin hawa yana iya zama mai tangaɗi, muddin mahayin yana da hanyar daidaita shi. Saboda haka suka fara da jirage marasa inji daga 1900 zuwa 1902, suna koyon tuƙi. Suka yi wani akwati da suke hura iska ciki, suka gwada siffar fukafukai iri iri har wajen 200. In ka taɓa miƙa tafin hannunka ta tagar mota tana gudu, ka karkata shi kaɗan, ka ji iska ta ɗaga shi, to, ka san asirin fiffike. Su kuma suka gano cewa in an murɗa bakin fiffike ɗaya sama, ɗayan ƙasa, jirgin zai karkata inda ake so. A ran 17 ga Disamba 1903 Orville ya tashi na sakan 12, ya yi mita 37. Kafin rana ta faɗi Wilbur ya yi sakan 59, mita 260.

Faransawa da yawa ba su gaskata ba, sai da Wilbur ya zo da kansa a 1908. Wanda ya karɓe shi ya ba shi wuri a masana'antarsa ya haɗa jirgin shi ne Léon Bollée, ɗan maƙerin ƙararrawar nan. A ran 8 ga Agusta 1908, a filin sukuwa kusa da Le Mans, Wilbur ya tashi ya kewaya sama yadda ya ga dama. A cikin waɗanda suka je kallo akwai Louis Blériot.

Blériot ya sami kuɗinsa ta sayar da fitilun mota, ya zuba su cikin jirage, ya faɗo da su sau da yawa har aka san shi da faɗuwa. Jirginsa na goma sha ɗaya shi ne yake rataye a majami'ar. Na daɗe a ƙarƙashinsa. Katako ne da waya da ƙyalle, ƙafafunsa kamar na keke, rabin jikinsa a buɗe kana hangen rufi ta ciki. Injinsa mai silinda uku ne, ƙarfin doki 25, wanda wani Ba'italiye mai ƙera babura, Anzani, ya yi. Wata jaridar Ingila, Daily Mail, ta sa fam 1,000 ga wanda ya fara ƙetare tekun da ke tsakanin Faransa da Ingila da jirgi. Hubert Latham ya gwada a ran 19 ga Yuli 1909, injinsa ya mutu, ya faɗa ruwa aka tsamo shi. Ran Lahadi 25 ga Yuli da asuba Blériot ya zo yana dogara sanda, domin ƙafarsa ta ƙone a wani tashi na baya. Ya tashi kusa da Calais ba shi da ko abin nuna gabas da yamma. A tsakiyar teku ya yi wajen minti goma ba ya ganin komai sai ruwa da hazo. Da ya hangi gaɓar Ingila ya bi ta har ya ga wani ɗan jarida yana kaɗa masa tutar Faransa kusa da Dover. Ya sauka da ƙarfi har farfela da ƙafafun suka karye. Tafiyar ta fi kilomita 30, ta ci kamar minti 37. Shi kuwa Latham, a ƙasar Cadi ajalinsa yake. Ya mutu a 1912 wajen farauta kusa da Fort Archambault, garin da ake kira Sarh yanzu.

Yadda suka iso wajenmu

A nan ne labarin ya taɓa mu. Shekara biyu kacal bayan Blériot ya ƙetare teku, Italiya ta kai wa Tarabulus yaƙi. Tarabulus kuwa ita ce bakin hanyar da fatake suke bi ta Gadamas da Gat da Agadas su kawo kaya Damagaram da Kano. A ran 23 ga Oktoba 1911 wani hafsan Italiya, Carlo Piazza, ya tashi da jirgi irin na Blériot domin leƙen sansanin Turkawa. Wannan ne karo na fari da aka yi amfani da jirgin sama a yaƙi. A ran 1 ga Nuwamba wani hafsa, Giulio Gavotti, ya jefa gurneti daga sama a Ain Zara. Ke nan bam na fari da ya faɗo daga jirgin sama, a ƙasar Afirka ya faɗo. In ka tuna cewa amalanken Cugnot domin igwa aka yi shi, jemagen Ader kuma da kuɗin soja, za ka ga yaƙi yana bin wannan sana'a tun tana jaririya. A wannan shekara ta 1911 kuma layin dogo daga kudu ya iso Kano. Kayan da suke zuwa ta hamada a bayan raƙumi suka koma zuwa ta teku da jirgin ƙasa, cinikin ayarin Tarabulus ya durƙushe.

Hamada ba ta ba da kai da sauƙi ba. A watan Fabrairu 1920 jiragen Faransa suka yi niyyar ƙetare Sahara. Na Vuillemin ya ƙetare. Wanda yake ɗauke da Janar Laperrine ya ɓata hanya, mai ya ƙare, ya faɗi. Janar ya mutu a ran 5 ga Maris, sauran mutum biyu kuwa sojojin raƙuma ne suka tsince su da sauran numfashi. Daga 17 ga Disamba 1922 zuwa 7 ga Janairu 1923 motocin Citroën biyar masu sarƙa a ƙafafun baya suka taso daga Touggourt a Aljeriya suka isa Tambutu. A ƙarshen 1924 wasu takwas suka biyo ta Yamai da Tasawa da Damagaram suka nufi tafkin Cadi. A ran 1 ga Nuwamba 1925 jiragen sojan Ingila uku, a ƙarƙashin Arthur Coningham, waɗanda suka taso daga Masar ta Sudan da Cadi, suka sauka a Kano. Dukan waɗannan tafiye-tafiye na masu mulkin mallaka ne, suna auna ƙasar da suka ci, suna neman hanyar da za su riƙe ta.

Amma wuƙar da ta yanka mutum ita ce take yanka nama a raba wa maƙwabta. Irin jiragen nan ne daga baya suka riƙa kai likitoci da magani asibitin Galmi, suna kai maƙwabtanmu Musulmi aikin hajji cikin sa'o'i kaɗan, a hanyar da dā mutum yakan yi shekaru yana bi ta Sudan, wani ma bai komo ba. Injin ba ya zaɓar aikinsa. Mai riƙe da shi ne zai ba da amsa a gaban Allah.

Abin da na komo da shi

A wani ɗaki na ga tsofaffin kekuna. Akwai na Michaux, wani maƙeri na Paris wanda yake cikin na farko da suka sa wa ƙafar gaba feda a shekarun 1860. A nan ne hawaye ya zo mini, Fada ya ga haka ya matsa gefe ya bar ni. Mahaifina maƙeri ne. Da kekuna suka yi yawa a garinmu ya koma gyaransu, in wani ƙarfe ya karye ba a samunsa a kasuwa, shi yake ƙera shi da hannunsa. Keken da katikis na farko a yankinmu ya yi shekaru yana kewaya ƙauyuka da shi, a ƙofar gidanmu ya tsufa. Da mahaifina ya rasu, ni ne babba, ni na kira masu sayen tsohon ƙarfe. Suka auna uwar maƙera da masaba da awartaki da keken nan a kan sikeli, suka biya ni kuɗin da bai kai mu ƙarshen wata ba. Zugazugin kuwa gara ta cinye su a zaure. Ba wanda ya tilasta mini. Na yi makarantar mishan, na iya karatu, sai na ɗauka kayan maƙera abin kunya ne.

Ka duba mutanen da na ba ka labarinsu. Ɗan tela ne ya kafa gidan. Maƙerin ƙararrawa, da masu gyaran keke, da mai ƙera babur, da mai sayar da fitila, su suka ɗora duniya a kan mota da jirgi. Biyu daga cikin manyan kayan da gidan yake taƙama da su ma, na Cugnot da na Ader, ba su yi aikin da aka yi su dominsa ba. An ajiye su ne domin na baya ya zo ya ga inda aka yi kuskure. Mu kuwa in abu ya tsufa ko ya ƙi aiki sai mu jefar, kowane yaro ya sāke farawa daga tushe. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai wanda ya ajiye ta.

Ba mu rasa abin koyi a gida ba. Gidan tarihi na ƙasa da ke Yamai, wanda aka kafa a 1959, mai sunan Boubou Hama, yana da maƙera da dukawa da masaƙa suna aiki a gaban jama'a, kusan yadda Grégoire ya so. A can ne kuma aka ajiye itacen Tenere, wanda ya yi shekaru yana nuna wa ayarin gishirin Bilma hanya, har wata babbar mota ta buge shi a 1973. Wannan itace kaɗai ya isa darasi a kan raƙumi da mota. Amma gida ɗaya a babban birni bai isa ba. Kowace majami'a tana da ɗan ɗakin ajiya. Me zai hana mu keɓe kusurwa ɗaya mu sa keken tsohon katikis, da sirdin raƙumi, da akala, da garmar shanu ta fari da ta shigo ƙauyen, da ƙarfen mota da ake bugawa a kira sujada kafin a sami ƙararrawa? A rubuta a takarda sunan mai abin da shekarar da ya yi aiki da shi, tun tsofaffin da suka sani suna da rai.

Kafin tafiyata, ɗana na fari ya shekara yana roƙona in bar shi ya koyi kanikanci, ni kuwa ina cewa sai aikin ofis. Da na komo na kira shi na ce, "Gobe ka shirya, za mu je wurin mai garejin." Ya dube ni ya ce, "Baba, da gaske?" Na ce, "Da gaske, amma da sharaɗi biyu. Ba za ka bar karatu ba, kuma duk abin da ka kwance ka zana shi a littafi kafin ka mayar." Littafin yana nan, ya cika da baƙin mai, ya shiga na uku yanzu. Na kuma sami awartaki ɗaya na mahaifina wanda ya ɓuya a bayan rumbu ya tsere wa sikeli. Yana rataye a bangon ɗakin da nake koya wa yara katekizim, da sunan mai shi a ƙarƙashinsa.

Allah ya sa albarka ga aikin hannuwanmu, ya ba mu hankalin riƙe abin da iyayenmu suka bari. Amin.